Barolo: Giyar Da Ake Auna Ta Da Bauri

A arewa maso yammacin Italiya, cikin jihar Piemonte, akwai wasu tuddai kusa da garin Alba inda ake noman wani inabi mai suna Nebbiolo. Da shi ake yin jar giyar nan Barolo, wadda ƙauyuka 11 kaɗai doka ta yarda su yi. Tun 1980 take cikin aji mafi daraja na giyar inabin ƙasar, kuma ba a sayar da ita da wannan suna sai kwamitin masu ɗanɗano ya amince.

Mai ɗanɗano da ido yake farawa, domin ja ce mai haske, in ta tsufa gefenta ya koma launin jan bulo. Sa'an nan ya kaɗa ta cikin tambulan, ya kai hanci. Ƙanshin furen wardi yake nema, gauraye da wani wari-wari irin na kwalta. Abin mamaki, wannan warin kwalta yabo ne a wurinsu!

To, amma babban aikin a baki yake. Ya kurɓa, ya kurkura, ya tofar, ba ya haɗiyewa. Bayan tsami da ɗanɗanon 'ya'yan itacen ceri, sai bauri ya kama masa dasashi. Abin da ke kawo baurin shi ake kira tanin, daga ɓawon inabi da ƙwayoyinsa yake fitowa. Danginsa ne ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita, shi ne kuma ke busar da bakin mai shan shayi mai kauri. Nebbiolo kuwa cike yake da shi.

Yawan baurin ba laifi ba ne, irinsa ake dubawa. Na nunannen inabi yakan yi laushi da shekaru, na ɗanye kuwa kaushinsa ba ya barinsa. Dalili ke nan doka ta ce a ajiye Barolo wata 38 kafin a sayar, 18 daga ciki a gangar katako.

Kan baurin nan har rigima aka yi a shekarun 1980, sa'ad da wasu matasan manoma suka rage kwanakin jiƙa ɓawon, suka koma ƙananan gangunan Faransa don giyar ta yi saurin laushi. Dattawa suka ce an ɓata gado.

Manomin da kwamiti ya ƙi giyarsa yana iya neman sayar da ita da ƙaramin suna, watau Langhe Nebbiolo, a kan kuɗi ƙasa da na Barolo, bayan ya yi jiran shekara uku.