Sana'ar raka masu fatsa: a biya kuɗi, a kama kifi, a sake shi

Ƴan kasuwa da mata masu sayar da kifi, ku matso kusa. Yau mun zo muku da labarin wata sana'a daga jihar Montana, can arewa maso yammacin Amurka, inda mutum ke biyan kuɗi a raka shi kogi ya kama kifi, in ya kama kuma ya mayar da shi ruwa da ransa.

Fatsar tasu daban ce. Ba a sa wa ƙugiya tana ko wani koto. Gashin kaza da zare ake naɗa mata har ta yi kama da ƙwaro, don kifin da suke nema, wanda ake kira turuwit, ƙwari ne abincinsa. Tun da wannan ƙwaron ƙarya ba shi da nauyi, igiyar ce ake yi mai kauri, ita ke ɗaukar shi zuwa nesa. Sai an iya kaɗa sanda gaba da baya, abin da baƙo ba ya iyawa rana ɗaya. Nan ɗan rakiya ke samun abincinsa.

A fili kan ciyawa yake fara koyar da sabon shiga, da guntun ulu a madadin ƙugiya, kada ɗalibi ya kama kunnen kansa. Yana nuna masa yadda zai kai sanda baya, ya dakata igiya ta miƙe, kana ya jefa gaba. Yawanci wurin dakatawar nan masu koyo ke faɗuwa, gaggawa ta sa igiya ta cukurkuɗe. In an isa kogi, ɗan rakiya ya juya duwatsu ya ga ƙwaron da ke ƙyanƙyashewa ranar, ya zaɓi ƙugiya mai kama da shi. Shi ne mai tuƙa jirgi, mai kwance ƙulli, mai kawo abincin rana, shi ne kuma mai ba da haƙuri in an wuni ba a kama ko ɗaya ba. Duk wadda ta taɓa fama da mai ciniki mai wuyar sha'ani ta san nauyin wannan.

Wuni guda kan wuce dalar Amurka 500, wato kusan jika 300 na sefa. Amma kada ido ya rufe: mai kamfanin da ke riƙe da lasisi yana da kasonsa, ga mai, ga gyaran jirgi, ga hunturu mai ƙanƙara da baƙi ke ɗaukewa. Shi ya sa ƴan rakiya ke dogara ƙwarai ga tukuicin da baƙo ke bayarwa da yamma.

Jarinsu kuwa kogin ne, kuma ba a hannunsu yake ba. In ruwa ya yi zafin kusan digiri 23 kwana uku a jere, hukuma kan hana fatsa daga ƙarfe 2 na rana zuwa tsakar dare, saboda kifin da aka wahalar cikin ruwa mai ɗumi yakan mutu ko an sake shi. A watan Agusta 2016 wata cuta ta kashe dubban kifaye a kogin Yellowstone, aka rufe kusan kilomita 300 ana tsakiyar ciniki. Ƴan rakiya, masu masauki da masu abinci duk suka zauna hannu rabbana. A ganinmu, wannan ne dalilin da ɗan rakiya ke matse ƙayar ƙugiya, yake tilasta wa baƙo jiƙa hannu kafin ya taɓa kifi: kifin da aka saka yau, shi wani baƙo zai biya gobe.

Sana'ar ta iso kusa da mu. A kogin Faro na arewacin Kamaru, baƙi na zuwa da rani su yi irin wannan fatsa, tsage da rana, giwan ruwa da dare, su ma suna sakin abin da suka kama.