Yunwar Da Ta Halaka Ƙaguwa A Tekun Bering

Tsakanin Alaska ta ƙasar Amurka da ƙasar Rasha akwai wani teku mai tsananin sanyi, ana kiransa Bering. A can ƙarƙashinsa wata irin ƙaguwa mai dogayen ƙafafu take zaune, wadda ake ce wa ƙaguwar ƙanƙara. Da kamunta masunta da yawa na Alaska suke ci da iyalinsu.

A shekarar 1975 aka soma ƙidaya ta kowace shekara, kuma a 2018 ma'aikatan hukumar teku ta Amurka, watau NOAA, suka tarar da ita da yawan da ba a saba gani ba. Amma kafin 2021 fiye da miliyan dubu 10 sun ɓace. To, ina suka tafi?

Ga yadda al'amarin yake. Kowace hunturu ƙanƙara takan rufe wani ɓangare na tekun. Idan ta narke sai ta bar ruwa mai sanyi ƙwarai a kwance can ƙasa, zafinsa bai kai digiri 2 ba. A nan ƙananan ƙaguwa suke girma, domin manyan kifayen da ke cinsu ba su son shiga. A 2018 da 2019 kuwa teku ya ɗumama, ƙanƙara ta yi ƙaranci, wannan mafaka ta tsuke ta koma arewa.

Masana sun bayyana a 2023 cewa ba zafin da kansa ya kashe ta ba, yunwa ce. Ƙaguwa ba ta da ɗumin jiki nata na kanta. Muddin ruwa ya ɗumama sai jikinta ya ƙara aiki, ta bukaci abinci fiye da da. Ga ta da yawa, ga wuri ya ƙuntata, abinci bai isa ba. Har wa yau kifayen nan suka sami hanyar shiga suka cinye wasu.

A watan Oktoba na 2022 hukumar Alaska ta hana kamunta, abin da ba ta taɓa yi ba. Mutanen tsibirin St. Paul, waɗanda yawancin kuɗin garinsu daga ƙaguwa yake fitowa, suka shiga matsi. Sai a 2024 aka sake ba da izni, shi ma kaɗan.

Abin da muke so masu karatu su lura da shi ke nan: ɗumin da hannun mutum ba zai ji ba ya isa ya raba dabba da mazauninta, ya raba gari da abincinsa.