Ginin dutsi da ginin ƙasa

Ya kai mai karatu, kowace al'umma tana zuba iyakar gwanintarta a wurin da take ibada. Bari mu dubi wurare ukku, ɗaya nesa, biyu nan gida Nijar, mu ga abin da ke sa gini ya daɗe.

Can ƙasar Indiya akwai wani gari da ake ce ma Tanjabur. Wani sarki mai suna Rajaraja ya sa anka gina babban ɗakin bauta na masu addinin Hindu, anka gama shi a shekarar 1010. Da duwatsu masu tauri anka gina shi. Hasumiyarshi ta kai kimanin mitir 60, ƙasanta da faɗi, tana tsukewa hawa-hawa har sama. Masassaƙa sun sassaƙa siffofin abin bautarsu da na masu rawa a jikin bango. Yau shekara dubu da ƴan kai ke nan, yana nan tsaye.

To, mu nan maginanmu da laka sunka saba aiki. Kuma Musulmi ba su sa siffar mutum ko ta dabba a masallaci. Adonsu shi ne zane da zankwaye da kyan tsarin ginin kanshi.

Dubi babban masallacin Agadas. An gina shi wajen 1515, an sake sabunta shi a 1844. Hasumiyarshi mitir 27 ce, duk da laka. Ita ma ƙasanta ya fi samanta faɗi, don gindi ya ɗauki nauyi. Ka taɓa ganin hotonta da itatuwa sun fito tsiri-tsiri a jikinta? Suna riƙe ginin, kuma kansu magina ke takawa in za su yi yaɓe. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihi na duniya.

Na ukku shi ne masallacin Juma'a na Yama, wajen Illela cikin jihar Tawa, maƙwabtanmu. A 1962 mutanen garin sunka ɗora aikin a hannun Falke Barmu, manomi kuma magini. Gayya anka yi. Wasu na buga tubali, wasu na ɗebo ruwa, wasu na kawo itace. Daga 1975 zuwa 1982 ya sake rufin, ya lanƙwasa itace ya lulluɓe da laka ya yi bakan gizo, ya ɗora tulluwa a tsakiya. Ya tada hasumiya huɗu, kowace kusurwa guda, ba wadda ta yi kama da ƴar'uwarta. A 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine, wadda ake gasarta a duniya.

Ga bambancin nan. Dutsi yana iya jure ruwan sama shekara da shekaru. Laka kuwa kullum tana bukatar hannu. In indararo ya toshe, ruwa sai ya kwanta bisa soro, ya jiƙa azara, rufi ya rufta. In an bar yaɓe ya zube, damina sai ta ci bango. Ashe ƙarfin ginin ƙasa yana hannun mutanen da ke kula da shi.

Yanzu a Dogon Dutsi da Tibiri kowa ya samu hali sai siminti da tol. Ba laifi ba ne. Amma ka san ɗakin tol cikin bazara, kamar tanda yake, soron ƙasa kuwa da sanyi. In tsofaffin magina sunka ƙare ba su koya ma yara ba, wa zai gyara mana masallatan da munka gada?

Don haka kafin ruwan fari, ku duba indararon masallacin garinku, ku kira gayyar yaɓe. Kai da ka iya rubutu yanzu, je wurin tsohon magini. Tambaye shi wace ƙasa ta fi kyau ga tubali, kwana nawa ake barin kwaɓi ya ruɓa. Rubuta amsarshi cikin littafinka, ka karanta ma ƴan ajinku.