Takardar Wakilci Ba Makullin Ɗakin Mahaifi Ba Ce

A gidajenmu da dama, idan tsufa ya kama mahaifi, yakan ɗora wa ɗaya daga cikin 'ya'yansa kula da dukiyarsa: karɓar fansho, tattara kuɗin haya, sa hannu a banki. Wani lokaci har lauya ake kira ya rubuta takardar wakilci. Rigima takan tashi ne ranar da wakilin ya ce babu mai ganin Baba sai da izininsa.

Malaman fiƙihu sun halatta wakilci, suna kafa hujja da aya ta 19 a Suratul Kahfi, inda samarin kogo suka aiki ɗayansu da kuɗin azurfa ya sayo musu abinci. Sai dai sun yi masa iyaka: amanar wakili tana tsayawa ne a kan abin da aka wakilta shi kaɗai. Wanda aka damƙa wa riƙon kuɗi ba a damƙa masa riƙon zumunci ba.

Ziyarar iyaye kuwa haƙƙi biyu ce ta haɗa: na dattijon da ke marmarin ganin jininsa, da na ɗan da aya ta 23 a Suratul Isra'i ta wajabta wa kyautata musu, musamman a tsufansu. Wannan farilla tana wuyan kowane ɗa, don haka wanda ya tare ƙofa ya shiga tsakanin bawa da ibadarsa.

Dokokin zamani ma sun san wannan iyaka. A Ingila, dokar shekarar 2005 ta raba irin wannan wakilci gida biyu: na dukiya, da na lafiya da walwala. Na biyun ba ya fara aiki sai mutum ya kasa yanke wa kansa shawara, kuma wajibi ne wakili ya bi maslahar dattijon.

Ba mu ce kada a tsara ziyara ba. Idan likita ya ƙayyade lokaci, ko aka tabbatar wani na tatsar tsohon ko muzguna masa, kariya ta zama dole. Amma zargi yana buƙatar hujja, kuma muddin mahaifi yana cikin hayyacinsa, maganarsa ce ta ƙarshe.

Wanda aka hana shi ganin mahaifinsa ya fara da lallami, sannan ya kai ƙara ga kawunnai da limamin unguwa, alƙali ya zama matakin ƙarshe. Masu rubuta takarda kuma su fayyace iyakarta a gaban dukan 'ya'ya, maza da mata, tun mahaifi na iya magana da bakinsa. Allah Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.