Gilashi Mai Kumfa: Yadda Ake Sarrafa Shi Daga Kashin Ƙarfe

Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin kashin maƙera, wato dattin da kan rage bayan an narka tama an fitar da ƙarfe. A manyan masana'antun zamani wannan datti ya fi ƙarfin a zubar da shi a bayan gari, domin duk tan ɗaya na ƙarfen da aka narka yakan bar kimanin kilogiram 300 na kashi. Idan aka tara shi, sai ya zama tsauni, ya cinye fili, ya kuma tayar da ƙura. Wannan darasi zai yi bayanin hanya ɗaya da masana suka bi don mayar da shi abin amfani.

Ma'anarsa da Tarihinsa

Gilashi mai kumfa wani nau'in gilashi ne mai cike da ƙananan ƙofofi rufaffu, kamar cikin burodi. Mita kubik ɗaya na gilashin taga yakan kai kilogiram 2,500, amma na mai kumfa yawanci yana tsakanin 100 zuwa 200. A shekarar 1932 ne masanin Tarayyar Sobiyet, Kitaigorodsky, ya bayyana hanyar yin sa. Kamfanin Pittsburgh Corning na Amurka kuwa ya fara sayar da shi a farkon shekarun 1940. Da gilashi zalla aka fara. Shigar da kashin ƙarfe ya biyo baya ne.

Yadda Ake Yin Sa

Dalilin da ya sa kashin ƙarfe ya dace da wannan aiki shi ne, yana ɗauke da sinadarin yashi da na farar ƙasa, waɗanda su ma suna cikin ginshiƙan gilashi. Ga matakan da ake bi:

1. Niƙa: a niƙe kashin ƙarfe da fasassun kwalabe su yi laushi kamar gari.
2. Haɗawa: a zuba ɗan garin gawayi ko na dutsen farar ƙasa. Shi ne ke yin aikin da yis ke yi a ƙullu.
3. Gasawa: a zuba haɗin a mazubi, a sa a tanderu mai zafin digiri 800 zuwa 900. Garin zai yi taushi ya manne, sai iskar da gawayi ko dutsen ya saki ta rasa mafita, haɗin ya kumbura.
4. Hucewa: a rage zafi sannu a hankali na tsawon sa'o'i, domin saurin sanyi kan tsattsaga shi. Daga nan sai a yanka shi allo-allo.

Amfaninsa

Iskar da ke kulle cikin ƙofofin ita ce ke hana zafi ratsawa. Saboda haka ake shimfiɗa shi a rufi da bango da daɓe, ana kuma naɗe bututu da tankuna da shi. Ba ya cin wuta, ba ya shan ruwa, gara ba ta cin sa.

Matsalolinsa

Kashin ƙarfe ya fi gilashi wuyar narkewa, kuma idan ya yi yawa a haɗin sai ya daskare tun kafin ya kumbura. Shi ya sa ake rinjayar da kwalabe a kansa, a wasu lokuta a ƙara sinadarin da ke sauƙaƙa narkewa. Haka kuma gasawar tana cin makamashi, abin da ke sa shi tsada. Dole ne kuma a gwada kashin tukuna, domin wani kan ɗauki sinadarai masu guba.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga yadda shara iri biyu, kashin ƙarfe da fasassun kwalabe, ke haɗuwa su ba da kayan gini mai tare zafi, in dai an kiyaye awon haɗin da zafin wuta.

Auna Fahimta

1. Me ke sa haɗin ya kumbura a cikin tanderu?
2. Kawo matsaloli biyu na amfani da kashin ƙarfe a wannan aiki.