Daga Garmaho Zuwa Allon Hannu: Wa Ya Ci Riba, Wa Ya Yi Hasara?

Duk wanda ya ba shekara hamsin baya a ƙasar nan ya san lokacin da jin waƙa ko labari yake abu ne na taro. Akwatin rediyo guda ne a zaure ko a shagon tela, jama'a su kewaye shi bayan sallar magariba su saurari Rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki cikin 1962, ko kuwa sashen Hausa na BBC da aka buɗe tun 1957. Yau kuwa sai ka shiga mota ka tarar da matasa kowa da ɗan abin sauraro toshe a kunne, ba wanda ya san abin da na kusa da shi yake ji. Ya kamata masu karatu su san yadda aka yi aka zo nan, da kuma abin da wannan canji ya jawo wa mawaƙa da ɗalibai da lafiyar kunnuwanmu.

ASALIN ABIN

Cikin 1877 ne Thomas Edison na Amurka ya ƙago na'urar farko mai ɗaukar murya ta kuma maimaita ta. Bayan shekara 10 Emile Berliner ya fito da garmaho mai faifai, irin wanda kakanninmu suka riƙa wanawa da hannu. Amma faifai yana da nauyi, yana kuma fashewa, sa'an nan kamfani ne kaɗai yake iya buga shi. Abin da ya sauya al'amarin shi ne kaset, wanda kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da shi cikin 1963. Da rikoda da batir, kowa ya zama mai ɗaukar murya. Ta haka waƙoƙin Alhaji Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos suka kai ƙauyukan da ba su taɓa ganin wutar lantarki ba, haka nan tafsirin malamai na watan azumi.

Ranar 1 ga Yuli, 1979, kamfanin Sony na Japan ya fara sayar da Walkman, watau ɗan ƙaramin rikoda da ake ratayawa a jiki, ana ji da abin kunne. Tun daga ranar sauraro ya fara barin zaure ya koma kunnen mutum ɗaya. Faifan CD ya biyo baya cikin 1982. Daga nan masana a cibiyar bincike ta Fraunhofer a Jamus suka gano dabarar MP3, wadda take zubar da sassan sauti da kunnen ɗan Adam ba ya lura da su, har waƙa ta ragu zuwa kamar kashi ɗaya cikin goma na girmanta. Wannan ne ya ba kamfanin Apple damar fito da iPod cikin Oktoba 2001, ɗan abin da ba zai cika tafin hannu ba amma yana ɗaukar waƙa 1,000. Shi ma zamaninsa ya wuce, domin an daina yin sa cikin 2022, wayar hannu ta karɓe aikinsa.

ALLON HANNU

Cikin Janairu 2010 Steve Jobs, shugaban Apple na lokacin, ya nuna wa duniya iPad, kwamfuta shimfiɗaɗɗiya kamar allon makarantar allo, ba ta da maɓallan rubutu, da yatsa ake taɓa gilashinta. Dala 499 aka sa wa mafi arha. A shekarar nan Samsung na Koriya ta Kudu ya fito da nasa, daga baya kamfanonin Sin suka cika kasuwa da masu sauƙin kuɗi. Amfaninsa ga mai neman ilmi a fili yake, domin allo guda yana iya ɗaukar littattafan da za su cika ɗaki. Gwamnatin Jihar Osun ta gwada wannan cikin 2013, a zamanin Gwamna Rauf Aregbesola, ta raba wa ɗaliban manyan ajujuwan sakandare allunan da aka kira Opon Imo, cike da littattafai da tambayoyin jarrabawar baya. Sai dai allo ba malami ba ne. Yana bukatar wutar caji, da mai gyara, da kuma babba mai lura da abin da yaro yake kallo.

INA RABON MAWAƘI?

Kowace sabuwar na'ura ta ƙara sauƙaƙa kwafe waƙa. A zamanin kaset, mai shago yakan sayi guda ɗaya ya juye ta sau ɗari. Da memori ya zo, sai masu turin waƙa suka kafa tebura a kasuwannin waya, su cika maka shi da waƙoƙi da finafinai a kan kuɗi kaɗan, wanda ya yi wahalar shiryawa kuwa ko kwabo ba ya gani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan na cikin abubuwan da suka kashe cinikin faifan finafinan Hausa a Kano, har masu sana'ar da dama suka koma YouTube.

A can tsarin dabam ne. 'Yan kasuwa suna biyan kamfanin domin a sa tallarsu, shi kuma ya ba mai bidiyo kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallar da aka nuna a kan dogayen bidiyonsa. Hanyar da aka saba bi kafin a fara rabon ita ce mutum ya tara mabiya 1,000, a kuma kalli aikinsa na awa 4,000 cikin wata 12. Ya kamata matasa su sani cewa masu talla ba sa biyan kuɗi ɗaya a ko'ina: mai kallo a Amurka ko Ingila ya fi mai kallo a nan kawo kuɗi. Saboda haka yawan masu kallo ba kullum yake nufin yawan riba ba. Game da satar fasaha kuwa, an sa hannu a kan sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya cikin Maris 2023, wadda ta haɗa da ayyukan da ake yaɗawa ta intanet.

KUNNE BA SHI DA SAFAYA

Hasarar da ba a cika magana a kanta ba ita ce ta ji. A can cikin kunne akwai waɗansu 'yan ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi, su ne suke mayar da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa take ganewa. Ƙara mai tsanani tana kashe su, in sun mutu kuwa ba sa sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗarin raunin ji saboda yadda suke sauraro. Da ma'aunin da ake kira desibel ake auna ƙarfin sauti. Bisa ƙa'idar hukumar, babba yana iya jin desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma in ya kai 90 awa 4 kurum ya rage masa, a 100 kuwa minti 20. Abin kunne da yawa suna iya wuce 100 in aka ƙure su, kuma mai tafiya a cikin hayaniyar titi ko kusa da janareta yakan ƙure ne domin ya danne ƙarar waje.

Shawarar likitoci ita ce kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin na'ura, a riƙa ba kunne hutu, a kuma garzaya asibiti in aka fara jin ƙara a kunne bayan an kashe sauti. Mai niyyar saye kuma ya tambayi lafiyar batir tun kafin ya biya, domin batirin waɗannan na'urori yana raguwa da yawan caji, zafin rana yana kuma gaggauta lalacewarsa, a cikin abin kunne marar waya kuwa galibi manne yake, ba a iya canza shi. Iyaye su duba abin da suka saya wa 'ya'yansu, su rage masa ƙarfi da hannunsu, domin ma'aunin yara desibel 75 ne, ƙasa da na manya. Rigakafi dai ya fi magani.