Masallacin Dandaji da Ya Tsallake Rusau

A garin Dandaji na jihar Tahoua, a Jamhuriyar Nijar, akwai wani tsohon masallacin Juma'a na ƙasa da ya kusa zama kufai. Ruwan damina ya zaizaye yaɓensa, jama'a kuma sun yi masa yawa. Shawara ta tsaya a kan a rushe shi a gina sabo.

Mariam Issoufou Kamara, 'yar Nijar masaniyar zanen gine-gine wadda Dandaji ne tushen mahaifinta, ta kawo wata dabara tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili 'yar Iran. Suka ce a gina sabon masallaci a gefe, tsohon kuma a gyara shi ya koma ɗakin karatu. Suka nemo maginan da suka yi aikin ginin tun farko, domin su ne suka san yadda ake kwaɓa ƙasar wurin da inda kowace azara ta kwanta. Aka ɗinke tsagar bango, aka sabunta yaɓe, aka jera kantocin littattafai a tsakanin ginshiƙan da a da ake sahu. Sabon masallacin, mai ɗaukar mutum kusan 1,000, da tubalin jar ƙasa da aka matse a inji aka ɗaga shi. An kammala a 2018, aka raɗa wa wurin suna Hikma, don tunawa da Baitul Hikma na Bagadaza.

Tun kafin a gama, gidauniyar LafargeHolcim ta ba aikin lambar zinariya ta yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a 2017. A 2018 ya ci ta azurfa a gasar duniya baki ɗaya.

Ba wannan ne karon farko da duniya ta jinjina wa ginin ƙasa na jihar ba. A garin Yama, Alhaji Falke Barmu, manomi kuma magini, ya fara masallacin Juma'a a 1962. Mutanen gari suka yi masa gayya: wasu na buga tubali, wasu na ɗebo ruwa, wasu na saro itace. Daga 1975 ya sake rufin da baka da tulluwa, ya tayar da hasumiya huɗu a kusurwoyi, kowacce da kamarta. A 1986 masallacin ya ci Kyautar Aga Khan ta gine-gine, wadda ake bayarwa duk shekara 3.

Amfanin irin wannan karramawa ya wuce takardar yabo. A garuruwa da yawa ana kallon ginin ƙasa a matsayin alamar talauci, mai hali kuwa sai bulo da kwano. Idan lambar yabo ta sauka a hannun magini, matasa kan ga sana'ar da daraja, masu gari kuma su yi tunani kafin su kira masu rusau.

Abin da ke cikin haɗari a fili yake. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, shi ne abin alfaharin maginan ƙasar Hausa. A watan Agustan 2023 wani sashensa ya rufta a kan masallata ana sallar La'asar, aka yi asarar rayuka.